Batirin Zuciya: Tambayoyin da Mutanen Zango Suka Fi Yi Kafin da Bayan Dasa Fesmeka

Shekara uku ke nan da aka sa wa tsohuwarmu na'urar daidaita bugun zuciya, wadda likitoci ke kira fesmeka, mu kuma a unguwar Aboabo ta Kumasi, a Ghana, muke ce mata batir kawai. Tun daga nan gidanmu ya zama wurin tambaya. Duk wanda likita ya ambata masa batir, daga Asawase yake ko Sawaba ko Tafo, sai a ce masa ya je ya ga Mma. Ni nake raka ta asibiti, ni nake riƙe da takardunta, don haka tambayoyin a kaina suke ƙarewa. Na tara waɗanda suka fi maimaituwa a nan. Ni ba likita ba ne, kuma inda maganata ta saɓa da ta likitan da ya duba ka, tasa za ka bi.

1. Mece ce fesmeka, kuma me take yi a jiki?

Zuciya tana da wutar kanta. A samanta ta ɓangaren dama akwai wani ɗan wuri da ke kunna wutar sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. Wutar sai ta bi ta wata mahaɗa a tsakiya, ta sauka zuwa manyan ɗakuna biyu na ƙasa, su matse su tura jini. Idan tushen wutar ya gaji, ko hanyar ta toshe a mahaɗa, sai bugun ya yi nawa, wani lokaci ma ya tsaya na daƙiƙu.

Fesmeka ɗan akwati ne na ƙarfen titaniyam, bai kai kwalin ashana kauri ba, nauyinsa tsakanin giram 20 da 50. A ciki akwai batir da 'yar kwamfuta, sannan siririyar waya ta fito daga jikinsa ta shiga zuciya. Aikinta saurare ne. Idan zuciya ta buga a kan lokaci, sai ta yi shiru abinta. Idan bugun ya makara, sai ta aika ɗan tartsatsin wuta wanda mai ita ba ya ji. Duk wanda ya ga janaretan banki da ke tashi da kansa da zarar an yi dumso, wato an ɗauke wuta, ya fahimci abin.

2. Waɗanne alamu ne ke nuna bugun zuciya ya yi ƙasa?

Jiri, duhun ido, gajiyar da ba a san dalilinta ba, haki idan an hau 'yar matakala, da kuma faɗuwa ba tare da wani gargaɗi ba. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi haɗari, kuma ita muka fi yi wa mummunar fassara.

Mma ta faɗi ne wajen alwalar azahar. Muka ji ƙarar buta ta gangara, muka fito muka tarar da ita kwance a gefen rariya, fuska ta yi fari fat. Kafin a kawo ruwa ta buɗe ido tana tambayar me ya tara mu. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jini ya yi mata kaɗan. Wata huɗu muka yi muna sayen maganin ƙarin jini a kemis, har ta sake faɗuwa. Jikarta da ke karatun nas ce ta kama tsintsiyar hannunta tana kallon agogo, ta ɗago ta ce, "Kawu, 34 na samu. Yau za mu tafi, ba gobe ba." Har yanzu watannin nan huɗu suna cina.

Ƙirgawar ba wuya: ka ɗora yatsu biyu a tsintsiyar hannu ta wajen babban yatsa, ka ƙirga na minti ɗaya cif. A kuma sani cewa idan jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, jiki kan iya fizga, shi ya sa ake ɗaukar wasu masu wannan ciwo a matsayin masu farfaɗiya.

3. Duk wanda bugunsa bai kai 60 ba sai an sa masa?

A'a. Matashin da ke buga ƙwallo kullum zai iya samun 50 yana zaune lafiyarsa lau, kuma bugun kowa yana sauka a barci. Abin da likita ke nema shi ne raguwar da ke haɗe da alamu, ko toshewar hanyar wuta mai tsanani ko da alamun ba su bayyana ba tukuna.

Akwai kuma raguwar da magani ke jawowa. Atenolol da bisoprolol na hawan jini, digoxin, verapamil, har da timolol da ake ɗiga wa masu hawan jinin ido, duk suna rage bugu. Haka ma raunin tayirod, wata halitta da ke gaban wuya, ko yawan sinadarin fotasiyam a jinin mai ciwon ƙoda. Idan aka gyara waɗannan, wani ba ya buƙatar batir sam. Saboda haka ranar zuwa asibiti a zuba duk magungunan gida a leda ɗaya a tafi da su, har na ido da na gargajiya. Amma kada mutum ya dakatar da magani da kansa.

4. Bugun zuciyata ba raguwa yake yi ba, rikicewa yake yi. Batir zai gyara?

Ya danganta. Fesmeka maganin raguwar bugu ce, ba ta taka wa zuciya mai gudu birki. Rikicewar da ta fi yawa a tsofaffi ita ce wadda ɗakunan sama ke karkarwa maimakon bugawa, sai ka ji bugun hannu babu tsari. Babban haɗarinta gudan jini ne da ke iya tafiya ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini irin su warfarin, kuma batir ba ya maye gurbinsa.

Inda batir ke shigowa shi ne idan zuciyar tana gudu yanzu, an jima ta yi dogon shiru. Sai a sa na'urar ta tsare ƙasa, a ba da magani ya tsare sama. Akwai wata na'ura daban mai kama da ita, ta ɗan fi ta girma, wadda ke ba zuciya jijjiga mai ƙarfi idan ta ɗauki gudun da ke kisa. Ka tambayi likita wacce ake nufi, domin dokokin tuƙi da na aiki sun bambanta.

5. Wane gwaji ake yi kafin a yanke shawara?

Na farko shi ne ECG. Ba kamfanin wutar lantarki na Ghana mai wannan suna da ke kawo bil ba, kamar yadda wani kawunmu ya zata har ya fara faɗa. Wannan takarda ce mai zane da ke nuna wutar zuciya, minti biyar an gama. Matsalarta ita ce abin da ya faru a lokacin kaɗai take kamawa. Idan ciwon mai zuwa ne ya tafi, sai a maƙala wa mutum ƙaramar na'ura ya koma gida da ita na awa 24 ko 48, ya rubuta lokacin da ya ji jiri. Sai hoton zuciya irin na masu ciki don a ga ƙarfin matsawarta, da gwajin jini don abubuwan da aka ambata a tambaya ta 3.

6. A ina ake yin aikin a Ghana?

A nan Kumasi ƙofar ita ce sashen zuciya na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee. A Accra akwai cibiyar zuciya ta ƙasa da ke Korle Bu, wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a 1989, kuma ita ce ta fi daɗewa a wannan aiki. Ka tafi da takardar turawa daga asibitin da ya fara ganinka, da duk takardun ECG na baya, ko da sun koɗe. Masu 'ya'ya a Jamus ko Amurka da ke son fitar da tsoho waje su karanta tambaya ta 18 kafin su sayi tikiti.

7. Za a tsaga ƙirji ne? Za a sa ni barci?

Ba a tsaga ƙirji, ba a taɓa ƙashi, ba a tsayar da zuciya. Yawancin mutane idonsu biyu ake yi musu. Za a hana ka ci na wasu awoyi, a sa maka maganin rigakafin ƙwayoyin cuta ta jijiya, a yi allurar kashe zafi a ƙasan ƙashin wuya, galibi ta hagu. Sai a yanka kamar santimita 5, a zura wayar ta cikin jijiyar jini, likita yana kallonta a allon hoto har ta isa zuciya ta kama. A gwada ta, a haɗa da akwatin, a yi masa ɗan aljihu ƙarƙashin fata, a ɗinke. Awa ɗaya zuwa biyu.

Abin da za ka ji shi ne zafin allurar farko, sai dannawa da ja. Mma ta ce abin da ya fi damunta shi ne ƙyallen da aka rufe mata gefen fuska da shi, sai nas ɗin ta leƙo ta ce, "Mma, ki ci gaba da salatinki, muna ji." Yawanci kwana ɗaya ko biyu ake yi a asibiti, a ɗauki hoton ƙirji, a sallami mutum.

8. Babanmu ya haura 80. Ba wahalar da shi za mu yi ba?

Yawancin waɗanda ake sa wa batir a duniya tsofaffi ne, domin tsufa ne babban abin da ke cinye hanyar wutar zuciya. Tunda ba a buƙatar barci mai nauyi, shekaru kaɗai ba sa hanawa. Wahalar da ya kamata a auna ita ce ta ɗaya gefen: tsoho ya faɗi a banɗaki ya karya ƙugu, ko shirun zuciyar ya yi tsawon da ba ta dawowa.

Mutumin da aka fara dasa wa irin wannan na'ura a cikin jiki shi ne Arne Larsson, a Suwidin, a 1958. Ta farkon awoyi kaɗan ta yi ta mutu. An yi ta sauya masa fiye da sau 20, ya rayu har 2001, bayan likitan da ya sa masa da injiniyan da ya ƙera ta duk sun riga shi. Ina ba da wannan labari ga duk dattijon da ya ce mini "kwana nawa ya rage".

A kuma tambayi tsohon da kansa. Mu kan taru 'ya'ya mu yanke hukunci a tsakar gida, mai jikin yana ɗaki.

9. Wane haɗari ke cikin aikin?

Kumburi da taruwar jini a wurin shi ya fi yawa, musamman ga mai shan maganin tsinka jini, kuma likita ne zai ce a tsayar da maganin ko a ci gaba. Kusan mutum 1 cikin 100 allura kan taɓa masa huhu iska ta taru, shi ya sa ake hoton ƙirji bayan aiki. Kusan haka ne adadin waɗanda wurin ke kamuwa da ƙwayoyin cuta, kuma wannan ne likitoci suka fi tsoro, domin idan cuta ta kama akwatin sau da yawa sai an cire shi duka da wayoyinsa. Waya kan iya gocewa a makonnin farko, dalilin dokar hannu ke nan da ke tambaya ta 12.

10. Me ya sa wani waya ɗaya, wani biyu, wani uku?

Waya ɗaya tana zuwa ɗaki ɗaya, galibi na ƙasa ta dama, kuma ita ake yawan sa wa mai karkarwar ɗakunan sama ta dindindin. Biyu suna haɗa sama da ƙasa su yi aiki bi da bi yadda Allah ya tsara. Uku na masu raunin zuciya ne waɗanda ɓangarorinta biyu ba sa matsawa tare. Akwai kuma sabuwa marar waya, kamar babban kafso, da ake shigarwa ta jijiyar cinya, wadda Amurka ta amince da ita a 2016, sai dai tsadarta ta wuce ta sauran. Yawan waya ba shi ne inganci ba. Ciwon ne ke zaɓa.

11. Nawa ne kuɗin, kuma katin inshora yana biya?

Na'urar daga waje ake shigo da ita, don haka farashinta yana bin dala, kuma abin da maƙwabcinka ya biya bara ba shi za ka biya bana ba. Mai waya biyu ta fi mai ɗaya tsada. Katin inshorar lafiya na ƙasa yana taimakawa wajen ganin likita da wasu magunguna, amma aikin zuciya yana cikin abubuwan da tsarin ya ware, saboda haka a shirya da ganin cewa kuɗin na'urar daga aljihu zai fito. Ka nemi lissafi a rubuce, wanda ya raba kuɗin akwati, na waya, na ɗakin aiki da na gado. Da takarda a hannu ya fi sauƙi a tunkari dangi, masallaci, ko ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin.

Mu susu, wato adashi, biyu muka kwashe, ɗan'uwanmu da ke Tema ya turo ta momo, wato tura kuɗi ta waya, sauran kuma sarƙar Mma ta Makka ce ta tafi. Kada a ba kowa kuɗi a baranda wai zai gaggauta layi. A biya a taga, a karɓi rasit.

Wasu suna tambayar batirin da aka taɓa amfani da shi. Gaskiya ne akwai shi: jami'ar Michigan ta Amurka tana da shirin karɓar na'urorin da ke da sauran batir, a wanke su, a gwada, a kashe ƙwayoyin cuta, a ba marasa hali a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da sababbin wayoyi. Ta hannun asibiti ake yin wannan, ba ta hannun ɗan kasuwa ba.

12. Me zan kiyaye a makonnin farko?

Hannun ɓangaren da aka yi aikin kada gwiwarsa ta wuce kafaɗa na mako 4 zuwa 6, kada a ɗauki abu mai nauyi da shi, kada a miƙa shi da ƙarfi. A wannan lokacin ne nama ke kama kan wayar. Amma kada a naɗe hannun a ƙirji kamar wanda ya karye, domin kafaɗa za ta sandare, kuma wannan ciwo ne na watanni. A ci abinci da shi, a ja carbi, a motsa shi a hankali. Riga mai maɓalli ta fi babbar riga da jallabiya sauƙin sawa.

Ciwon a bar shi a bushe har ranar da aka ce. A nan ne muke samun saɓani da gwaggonni. Babu gashi da ruwan zafi, babu man kaɗanya, babu zuma, babu toka. Ranar da muka dawo gida na tarar da ƙanwar Mma ta riga ta ɗora tukunya da tawul a kafaɗa, ta ce, "Yaro, mun yi jegon mutum goma kafin a haife ka." Sai da na ce mata, "Inna, wannan ba haihuwa ba ce, ƙarfe ne a ciki, in ruwa ya shiga sarƙar Mma ta tafi a banza," sannan ta sauke. Bayan ya warke a daina shafa tudun da wasa da shi, domin akwai waɗanda suka yi ta juya akwatin da yatsa har wayar ta naɗe ta fito daga zuciya. Mai jikin da tabo ke yi wa tudu ya faɗa wa likita tun kafin a yanka.

13. Salla, wanka da azumi fa?

Alwala ba ta kai wurin ba, sai dai a kula wajen shafar kai, a sunkuyo da kan maimakon a ɗaga gwiwar hannu. Kabbara ma a ɗaga tafin hannu, gwiwa tana ƙasa. Abin da ke ja wa ciwon shi ne dogara da hannu wajen tashi daga sujada, shi ya sa da yawa suke yin kwanakin farko a kujera. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke Bukhari ya ba marar lafiya damar yin salla a zaune idan tsayuwa ta gagara. Wankan wajibi kuma akwai hukuncin shafa a kan bandeji da na taimama, malamin unguwa zai warware maka.

Na'urar kanta ba ta hana azumi, ba ta ci ba ta sha. Abin dubawa shi ne sauran cututtuka da magunguna, musamman maganin sa fitsari, na suga, da wanda ake sha sau biyu a rana. A je wa likita da maganar tun cikin Sha'aban.

14. Wayar hannu da kayan wutar gida suna taɓa ta?

Talabijin, firij, fanka, dutsen guga, rediyo da murhun ɗumama abinci duk babu komai. Ɗaukewar wuta ko dawowarta ba ruwanta da na'urar, ba ta haɗe da komai a waje. Abin kiyayewa maganaɗisu ne. Waya ta yi nesa da akwatin da santimita 15, wato kusan taki ɗaya na hannu, a kuma saurara da kunnen ɗaya ɓangaren. Matsalar mu maza ita ce aljihun kaftani da na 'yar ciki a ƙirjin hagu tela ke sa shi, daidai kan batir. A mayar da waya aljihun gefe. Sababbin iPhone masu zoben maganaɗisu a baya sun fi buƙatar wannan kulawa. Kada a rungumi manyan lasifikan biki ko na wa'azi, kada a rataya abin sauraren kunne a wuya ya kwanta a ƙirji.

15. Zan koma sana'ata?

Mai shago a kasuwar Kejetia, tela, malamin makaranta, mai sayar da waakye, duk suna komawa cikin makonni kaɗan. Dakan fufu, jan ruwa a rijiya, ɗora kaya a kai da saɓa goyo su jira mako 6.

Mutanen Magazin na Suame, unguwar makanikai da masu walda, su ne maganarsu ke da tsawo. Waldar lantarki tana fitar da filin wuta mai ƙarfi, na'urar kan ɗauka bugun zuciya take ji, sai ta yi shiru a lokacin da ake buƙatarta. Ga wanda zuciyarsa ta dogara kacokan a kan batir, wannan faɗuwa ce da wuta a hannu. Mai walda ya faɗi sana'arsa tun kafin aiki, kada ya koma sai likita ya ba shi sharuɗɗa, wani kuma dole ya koma kula da yara da karɓar aiki. Bakanike kada ya kwanta da ƙirji a kan injin da ke aiki, haka mai gyaran janareta. Idan ka ji jiri kusa da wani inji, ka ja da baya, na'urar za ta koma daidai da kanta.

Direba kuma likita ne zai ba shi rana. Don a san ma'auni, a Ingila mai motar gida mako 1 yake jira, direban bas ko babbar mota mako 6. Mai trotro ko pragya, wato bas ɗin haya ko keke mai ƙafa uku, ran mutane yake ɗauka, ya sa kansa a sahu na biyu.

16. Zan iya shiga jirgi, in je Hajji?

Ƙwarai, bayan ciwon ya warke an kuma yi dubawar farko. Ƙofar bincike ta filin jirgi ba ta lalata na'urar, sai dai tana iya yin ƙara. Ka nuna katinka na shaidar batir da asibiti ya ba ka, ka wuce da tafiyarka ta kullum, kada ka tsaya a tsakiya, kuma ka roƙi mai sandar bincike kada ya tsayar da ita a kan ƙirjinka. Katin ya zauna tare da fasfo, a kuma ɗauki hotonsa a waya. A wurin ɗawafi da jifa a guji tsakiyar turmutsutsu saboda gwiwar hannun mutane, igiyar jaka kuma ta bi ta ɗaya kafaɗar.

17. In wani ciwo ya kama ni, akwai abin da ba za a yi mini ba?

Duk inda ka je, har wurin likitan haƙori, fara da cewa kana da batir. Hoton ƙashi, hoton ciki da sikanin CT babu matsala. MRI, wato injin nan mai rami da ƙaton maganaɗisu, shi ne mai sharaɗi: yawancin sababbin na'urori suna shiga, amma sai an tabbatar da irin akwatin da wayoyin, an kuma sauya saitin kafin da bayan. Fiɗar da ake amfani da wuƙar lantarki, gashin ciwon daji da fasa tsakuwar ƙoda duk suna buƙatar a sanar da likitan zuciya.

Na'urorin tausa masu jan wuta da katifu ko sarƙoƙin maganaɗisu da ake tallatawa a mota, a bar su. Ƙaho da tsaga kada su kusanci wurin, mai shan maganin tsinka jini kuma ya bar su gaba ɗaya. Addu'a da tofi ba su taɓa hana batir aiki ba, Mma tana da nata kullum.

18. Shekara nawa batirin ke yi, kuma yaya ake cajinsa?

Ba a caji. Batirin litiyam ne da aka rufe ruf a cikin akwatin, yana yin tsakanin shekara 6 da 12, wani ya wuce, gwargwadon yawan aikin da zuciya ke ba shi. Ba ya mutuwa farat ɗaya kamar na tocila. Yana ba da sanarwa watanni kafin ya ƙare, amma injin asibiti ne kaɗai ke karanta sanarwar. Shi ya sa dubawa ta zama dole: ta farko bayan mako 4 zuwa 6, sannan duk wata 6 ko shekara. Ana ɗora wani abu kamar tafin hannu a kan riga, allo ya nuna sauran batir, lafiyar wayoyi, da duk rikicewar da zuciya ta yi tun zuwan baya. Idan lokaci ya yi, akwatin kawai ake sauyawa, wayoyin suna nan in lafiyarsu ƙalau.

Abin da na ga yana faruwa shi ne mutum ya ji ƙarfi, ya koma kasuwa, shekara biyu ba a gan shi ba. Jin daɗin jiki ba ya nuna sauran batir.

Kowane kamfani da injin karatunsa: na Medtronic ba ya saita na Biotronik, na Abbott ba ya saita na Boston Scientific. Wanda za a yi wa aiki a waje ya fara tambayar asibitin da zai riƙa duba shi a nan wane iri suke iya karantawa, sannan ya dawo da cikakken rahoto.

19. Zan daina shan maganin hawan jini? Zaman aure da haihuwa fa?

Ba za ka daina ba. Batir lokaci yake tsarewa, ba ya sauke hawan jini, ba ya buɗe jijiyar da ta toshe, ba ya maganin suga. Wasu ma bayan an sa musu ne hawan jininsu ke fitowa sosai. Gishiri da dunƙulen miya a ci gaba da ragewa. Zaman aure babu hani da zarar ciwon ya lafa, a dai kiyaye dokar hannu ta tambaya ta 12. Mace mai batir tana ɗaukar ciki ta haihu ta shayar, sai dai likitan zuciya da na awo su san da juna, musamman idan tana shan warfarin.

20. Yaushe zan ruga asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ni ba?

Idan wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, ko yana fitar da ruwa ko mugunya, ko da bayan shekara ne. Idan fata ta yi siriri har kana hango ƙarfe. Zazzaɓin da aka gwada ba maleriya ba ne, ko wanda ya ƙi jin maganinta. Jiri ko faɗuwa irin ta da, bugun da ya sauka ƙasa da adadin da aka saita maka, kumburin hannun ɓangaren, ciwon ƙirji ko haki, da shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, domin waya kan iya taɓa jijiyar da ke motsa tantanin numfashi. Kada a sayi kafso a kemis a rufe ciwon, kada a bar kowa ya soka allura ya zuƙe kumburin. Lambar motar asibiti 112 ce, amma in tasi ta fi kusa, a shiga tasi.

21. An ce mai batir yana shan wahalar fitar rai. Gaskiya ne? Kuma sai an cire kafin jana'iza?

Wannan ita ce tambayar da ake yi mini a ƙofar gida bayan an yi sallama, da murya ƙasa-ƙasa. Mma da kanta ta yi wa likita ita kafin ta yarda, ta ce, "Likita, in Mai abu ya zo karɓar abinsa, wannan ƙarfen ba zai riƙe ni ba?" Ya ce mata a'a. Na'urar tartsatsi kawai take aikawa, naman zuciya ne ke amsawa. Idan ajali ya zo naman ya daina amsawa, sai ta zama kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da babu kowa. Ba ta jinkirta mutuwa, ba ta ƙara raɗaɗi. Mai ɗaya na'urar ta tambaya ta 4 ne ake iya kashe wa jijjigarta a asibiti idan jinya ta kai ƙarshe, don kada ta dame shi.

Cirewa dole ce ga waɗanda ke ƙona gawa, saboda batirin yana fashewa a wuta. Mu da muke binnewa babu wani dalilin lafiya da ke sa a yanka mamaci. Ba ta cutar da mai wanka, ba ta jan wuta a ruwa. A dai gaya wa masu wankan tun farko, don kada su ji tudu a ƙasan ƙashin wuya su tsaya tambaya.